Sikirinshot a shagon kwamfuta: taga ɗaya ta isa, sauran allon asirin wasu ne

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kwamfuta a Gumel ko Gagarawa a makon da makarantu suka buɗe shafin biyan kuɗi, ko aka fara cike fom ɗin ɗaukar aiki, ya san yadda wurin ke kasancewa. Benci ya cika, janareta na ruri a waje, kwamfuta ɗaya ko biyu ce ke aiki, mai shago na fama da fom ɗaya bayan ɗaya. Da an gama wa mutum nasa sai ya miƙe ya ce, "Malam, don Allah a turo min sikirinshot ɗin ta WhatsApp." Mai shago ya danna maɓalli guda, ya liƙa hoton, ya tura, ya kira na gaba. In kuma sauri ya yi yawa, sai ya ce wa mai fom ɗin ya ɗaga wayarsa ya ɗauki allon da kansa.

Abin da mai fom ya nema shi ne shaidar cewa an tura nasa. Abin da ya tafi da shi a waya ya fi haka yawa. A gefen hoton ga fayiloli zube a fuskar allo, kowanne da sunan mai shi. A bayan shafin nasa ga wata taga da ba a rufe ba, tana nuna silif ɗin NIN na yarinyar da aka yi wa aiki kafin shi, da hotonta da ranar haihuwarta. A wani ɓangaren ga WhatsApp ɗin shago a buɗe, sunaye da lambobi da farkon saƙon kowa a jere. Babu wanda ya yi kutse, babu wanda ya yi niyyar sharri. Maɓalli ɗaya ne ya kwashi allon gaba ɗaya, kuma daga nan hoton zai iya tafiya wurin uba, ko yayan da ke Kano, ko zauren 'yan aji da ke cike da mutanen da yarinyar ba ta taɓa gani ba.

Maganin wannan bai kai aikin daƙiƙa biyu ba. Kowace kwamfuta na da hanyar ɗaukar hoton taga ɗaya kacal, wato wadda ake aiki a kanta, a bar sauran allon. Ya kamata wannan ya zama ƙa'idar aiki a kowane shago daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, kuma masu riƙe da waya ne suka fi cancanta su matsa a kai, domin bayanansu ne ke yawo.

Me ya sa abin ya shafi mai waya?

Matashin da ya tashi da Android a hannu zai iya cewa wannan maganar masu kwamfuta ce. A waya sai ya danne maɓallin kunnawa da na rage sauti lokaci ɗaya, hoto ya fito. Abin da bai lura da shi ba shi ne, waya galibi manhaja ɗaya take nunawa a allo, don haka hotonta abu ɗaya yake ɗauka. Ita kwamfuta an gina ta ne don ta buɗe tagogi da yawa a lokaci guda, wata a kan wata, wata a gefen wata. Dabi'ar da ba ta da illa a waya, in aka kawo ta kan kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, sai ta zama tonon asiri.

Kuma a ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wanda ke da waya ma sai ya je wurin mai kwamfuta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel zai fitar da lambar RRR ta Remita don biyan kuɗin makaranta. Wanda ya rubuta JAMB zai buga silif, ya duba ko an ba shi gurbi. Wanda ya gama sakandare zai duba sakamakon WAEC ko NECO. Akwai masu neman lamunin karatu a shafin NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, akwai masu cike fom ɗin soja ko ɗan sanda ko hukumar shige da fice. Wasu shafukan ba sa zama daidai a ƙaramin allo, wasu kuma sai an ɗora hoto mai wani girma na musamman, sannan ga buƙatar firinta. Tun da JAMB ta wajabta NIN a 2021, kusan babu fom mai muhimmanci da ba ya neman waɗannan lambobi 11. Sakamakon haka, kwamfuta ɗaya a shago kan ga takardun mutane da yawa a yini guda, fiye da yadda mai unguwa zai gani a wata.

Abin da ke cikin waɗannan takardu shi ne jarin 'yan damfara. Gaskiya ne cewa suna da NIN da ranar haihuwa kaɗai ba sa cire kuɗi daga asusun mutum. Amfaninsu shi ne su sa a yarda da mai kira. Idan wani ya buga waya ya ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambarsa, to ya gama rabin aikin, saura kawai ya nemi lambar sirrin da aka turo ta saƙo. Ga kuma illar da ba ta kuɗi ba. A gari irin Gagarawa, inda in aka ambaci sunan mutum da na mahaifinsa an san gidan, sakamakon jarrabawar da bai yi kyau ba ko lambar wayar budurwa ba ƙaramin abu ba ne ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. A Maigatari, inda ake hada-hadar dabbobi da riɗi da zoɓo a kasuwar Alhamis, adadin kuɗin da ke asusun ɗan kasuwa magana ce ta tsaron lafiyarsa.

Yadda ake ɗaukar taga ɗaya

Maɓallin da ke jawo matsalar tsohon abu ne. Tun kwamfutar IBM ta 1981 yake kan allon madannai, kuma a wancan lokacin aikinsa shi ne tura rubutun da ke allo kai tsaye zuwa firinta, shi ya sa ake kiransa Print Screen. A yau za a ga an taƙaita sunan zuwa PrtScn ko PrtSc, a saman madannai ta hannun dama. Idan aka danna shi shi kaɗai a Windows 7 ko Windows 10, allon gaba ɗaya yake kwafa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara taɓa tagar da ake so da linzami don ta zama ita ce a gaba, sannan a riƙe Alt a danna PrtScn. Ba za a ga komai ya motsa ba, amma hoton tagar ya shiga ma'ajiyar kwafi, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da aka kwafa kafin a liƙa shi. Daga nan sai a shiga WhatsApp ko Paint ko Word a danna Ctrl da V. A wasu laftof sai an haɗa da maɓallin Fn, saboda an haɗa PrtScn da wani aikin a maɓalli ɗaya. Wannan haɗin na aiki tun Windows na shekarun 1990, don haka tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu ba ta da uzuri.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da mai son ya ga abin da yake yi. A Windows 10 da Windows 11, idan aka danna Windows da Shift da S lokaci ɗaya, allon zai ɗan dusashe, ƙananan alamomi su fito a sama. Ɗaya ta zana murabba'i ce, ɗaya ta zane yadda aka ga dama, ɗaya ta taga, ɗaya ta allo duka. Sai a zaɓi ta taga, a taɓa wadda ake so. A Windows 11 na baya-bayan nan, PrtScn ɗin kansa wannan kayan aikin yake buɗewa. Masu Windows 7 kuma suna da manhajar Snipping Tool, wadda ta zo tun Windows Vista, kuma a cikinta akwai zaɓin taga.

Ga wanda ke da Mac, sai ya danna Shift da Command da 4, ya taɓa dogon maɓallin tazara, linzami ya koma siffar kyamara, ya taɓa tagar. In ya riƙe Option lokacin taɓawa, hoton zai fito ba tare da inuwar gefe ba. A Chromebook ana haɗa Ctrl da Alt da maɓallin nuna tagogi. A Ubuntu, Alt da PrtScn ɗin ne dai kamar na Windows.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai shago ya riƙe. Windows da PrtScn a haɗe suna ɗaukar allo duka, kuma su ajiye hoton a matsayin fayil a foldar Screenshots da ke cikin Pictures. Snipping Tool na Windows 11 ma yana ajiye kwafi a can sai in an kashe masa wannan. Shi kuwa Alt da PrtScn ba ya barin fayil, sai dai idan an saita OneDrive ya riƙa kwashe hotunan allo. A kwamfutar da mutane da yawa ke zama a kanta, rashin barin fayil alheri ne. Duk wanda ya buɗe waccan folda a shagon da bai taɓa share ta ba zai iya tarar da fom ɗin mutanen da suka zo tun bara.

"Ai sai a yanke daga baya"

Wannan ita ce amsar da aka fi ji. A ɗauki allon duka, a yanke gefe a waya, shi ke nan. Matsalar farko ita ce a wurin da layi ya yi tsawo ba a yankewa. Hoton da aka ce za a gyara anjima shi ake turawa yanzu. Ko an yanke ma, na asalin na nan a wayar wanda aka tura wa da kuma kwamfutar shago.

Matsala ta biyu ta fito fili a watan Maris na 2023. Wasu masu bincike biyu, Simon Aarons da David Buchanan, sun nuna cewa manhajar gyara hoton allo ta wayoyin Google Pixel ba ta goge abin da aka yanke yadda ya kamata. Tana rubuta sabon ƙaramin hoton ne a kan tsohon fayil, ta bar ragowar tsohon a ƙarshensa, kuma mai ilimin abin zai iya dawo da wani ɓangare mai yawa na abin da aka yanke. An laƙaba wa matsalar suna aCropalypse. Cikin 'yan kwanaki aka gano cewa Snipping Tool na Windows 11 da Snip & Sketch na Windows 10 na da irinta, idan aka ajiye hoto, aka yanke shi, aka sake ajiyewa a kan fayil ɗin farko. Google da Microsoft sun toshe ɓarakar, amma gyaran bai shafi hotunan da aka riga aka tura ba, kuma kwamfutar da ba ta samun sabuntawa ba ta san an yi gyara ba. Nawa ne daga cikin kwamfutocin shagunan karkara ke sabunta manhajojinsu, alhali data kuɗi ce?

Shafe rubutu da alƙalamin waya ma ba abin dogaro ba ne. Wasu alƙaluman gyara hoto ba sa rufewa ruf, kuma idan aka ƙara wa hoton haske rubutun ƙarƙashi kan bayyana. Abin da bai shiga hoto ba tun farko shi ne kaɗai babu mai iya dawo da shi, kuma fa'idar ɗaukar taga ɗaya ke nan a kan kowace dabarar gyara.

Ɗaukar allo da kyamarar waya ya fi muni

Wanda ya ɗaga waya ya ɗauki allon kwamfuta yana ganin ya huta da wahalar turawa. Sai dai hoton kan fito da layuka-layuka masu rawa, da hasken ƙofa a jikin gilashi, har a kasa bambance 8 da 3 a lambar RRR. Kuskuren lamba ɗaya a wurin biyan kuɗi kuwa na iya jawo zirga-zirga tsakanin banki da makaranta. Ban da haka kyamara ba ta tsaya a allo ba. Tana ɗaukar teburin da takardun da ke kansa, da ɗan katin da aka manna a gefen kwamfuta.

Manyan hukumomi ma sun faɗa wannan ramin. A watan Janairun 2018, bayan hukumar bayar da agajin gaggawa ta jihar Hawaii a Amurka ta aika saƙon ƙarya cewa an harbo makami mai linzami, mutane sun tono wani hoton ɗan jarida da aka ɗauka a ofishinta watanni kafin nan. A jikin allon wata kwamfuta an manna ƙaramar takarda da kalmar sirri a rubuce. Mai hoton jami'in hukumar ya je ɗauka, takardar ta shigo ne don tana wurin. Idan hakan ta faru a ofishin da aikinsa tsaro ne, ba abin mamaki ba ne ta faru a shago mai benci ɗaya.

Hujjojin da ke da ƙamshin gaskiya

Ba duk mai ɗaukar allo gaba ɗaya ne ke yi don sakaci ba. Wasu na cewa cikakken allo yana nuna agogo da kwanan wata a kusurwar ƙasa, kuma wannan shaida ce cewa an tura fom kafin a rufe shafi. Niyyar mai kyau ce, amma agogon kwamfuta abu ne da kowa zai iya juyawa cikin minti ɗaya, kuma a tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirinsu ya mutu kan nuna shekarar da ta wuce tuntuni. Babu ofishin da zai ɗauke shi hujja. Shaida ta gaskiya ita ce lambar fom ko lambar biyan kuɗi da shafin ya bayar, kuma wannan a cikin taga take.

Wasu kuma na cewa idan kwamfuta ta sami matsala, mai gyara zai so ya ga allon duka don ya gane abin da ke faruwa. Wannan gaskiya ne, kuma a nan cikakken hoto na da amfani, muddin an rufe takardun mutane kafin a ɗauka. Amma saƙon kuskure ma sau da yawa a ƙaramar taga yake fitowa, kuma hoton wannan tagar ita kaɗai ya fi karantuwa. Allon laftof mai faɗin 1366 da tsayin 768, idan aka matse shi a fuskar waya, kuma WhatsApp ya rage masa nauyi, rubutun kan koma kamar sawun tururuwa. Taga ɗaya na ba rubutu girma, ta kuma ci data kaɗan.

Hujja ta uku ita ce ta "ai duk gida ne, kowa ya san kowa." Sanin juna shi ne ma ya sa abin ya fi zafi. Baƙo a Legas da ya ga sakamakon wata ɗaliba a gefen hoto ba zai san ko wace ce ba. Ɗan unguwarsu kuwa ya sani, ya san wanda ke neman aurenta, ya san kishiyar mahaifiyarta. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai shagon da mutane ke miƙa wa takardunsu amana aka ba shi, irin wadda ake ba mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya a da.

Taga ɗaya ma tana da iyaka

Kada a ɗauka Alt da PrtScn ya magance komai. Idan tagar ta burauza ce, kamar Chrome ko Edge, hoton zai haɗa da jerin shafukan da ke buɗe a sama, kowanne da takensa, da layin adireshi, da shafukan da aka adana. Taken shafi kan ɗauki sunan mutum ko adireshin imel ɗinsa. Layin adireshi kuma wani lokaci yana ɗauke da lambar fom ko wata doguwar lamba da ke kai wa ga takardar kai tsaye. Don haka kafin a ɗauka, sai a ja shafin da linzami a fitar da shi ya zama taga mai zaman kanta, ko a danna F11 don saman burauzar ya ɓuya. In abin da ake so layi uku ne kawai, zana murabba'i a kansu da Windows da Shift da S ya fi.

Sannan ba kowane abu ne ke buƙatar hoto ba. Silif ko rasit da za a buga daga baya ya fi kyau a danna Ctrl da P, a zaɓi ajiyewa a matsayin PDF, a tura shi a matsayin fayil. Rubutun zai fito tsaf, shafin zai zo cikakke har ƙasa, kuma babu abin da zai biyo shi daga allon.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare ya shafi 'yan kasuwa da masu POS. Hoton allo, na taga ɗaya ne ko na allo duka, ba shaidar biyan kuɗi ba ne. Canza adadi ko suna a hoto ba ya buƙatar gwaninta, kuma shafin intanet ma ana iya sauya rubutunsa a burauza kafin a ɗauka. Wanda ya sayar da rago a Maigatari ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga kafin ya saki igiya. Ɗaukar taga ɗaya na kare sirrin mutane ne, ba ya tabbatar da gaskiyar abin da ke ciki.

Doka ma ta shigo ciki

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirri. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Daga cikin ƙa'idojinta akwai cewa duk mai sarrafa bayanan mutane ya taƙaita a kan abin da aikin ke buƙata, ya kuma kare su daga faɗawa hannun da bai dace ba. Dokar ta ɗauke wa mutum nauyi a kan abin da yake yi don harkar kansa ko ta gidansa, amma mai karɓar kuɗi yana cike wa jama'a fom sana'a yake yi. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu sarrafa bayanai na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Da wuya a ga jami'in hukumar ya taso daga Abuja don hoton da aka tura a Gagarawa. Abin da dokar ta ƙara shi ne, mai fom da ya ce a rufe takardarsa ba roƙon alfarma yake yi ba, haƙƙinsa ne. Shi kuma mai shago, hukuncin da ya fi kusa da shi na bakin mutane ne. Ranar da aka ji cewa a shagon wane aka ga silif ɗin 'yar wane, iyaye za su daina tura 'ya'yansu can.

Abin da kowa zai iya yi daga gobe

Mai zuwa shago ya tsaya ya ga yadda aka ɗauki hoton. In ya ga an danna PrtScn shi kaɗai, babu laifi ya ce, "Malam, don Allah a haɗa da Alt, tagata kawai nake so." In hoton da aka turo masa ya zo da bayanan wani, ya goge shi ya nemi wani, kada ya tura gaba. Kafin ya tashi ya tabbatar an fita daga asusunsa, an rufe tagarsa, an goge fayilolinsa daga fuskar allo da foldar saukewa. Goge fayil da Shift da Delete na sa ya wuce kwandon shara. In ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar, ya shiga sashen na'urorin da aka haɗa a wayarsa ya cire ta tun yana wurin. Ya kuma tuna cewa wanda ya bar tagarsa a buɗe, shi ne zai fito a gefen hoton na gaba.

Mai shago kuma ya koya wa yaransa wannan haɗin a ranar farko, kafin ma ya koya musu firinta. Ya saba da rufe aikin mutum kafin ya buɗe na wani. Ya riƙa share foldar Screenshots kowace yamma. In ya kunna tarihin kwafi, wanda ake gani da Windows da V, ya san cewa hotunan baya na nan a jere, sai ya share su ko ya kashe shi. Wanda ke da Windows 11 da aka sabunta zai tarar Snipping Tool na iya gano lambobin waya da adireshin imel a cikin hoto ya rufe su da kansa, abin da Microsoft ta ƙara a 2023. Rubuta "Alt + PrtScn" a takarda a manna a bango ba zai ci ko sisi ba, kuma ita ce takarda ɗaya da ba a damu ta fito a hoto ba.

Malaman kwamfuta a makarantun sakandaren yankin, da cibiyoyin da ke ba da takardar shaidar koyon kwamfuta ta wata uku ko shida, su ma da nasu. Ana ɓata makonni ana haddace sunayen sassan kwamfuta, a yaye ɗalibi bai san bambancin ɗaukar allo da ɗaukar taga ba. Jigawa na da cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tun farkon shekarun 2000, don haka ba masu sanin abin aka rasa ba. Waɗanda suka sani ɗin ne ba su ɗauke shi abin koyarwa ba, saboda ƙanƙantarsa.

Nan gaba kaɗan za a sake buɗe wani shafin, benci ya sake cika a Gumel da Gagarawa, a sake neman sikirinshot. Yarinyar da ta bar silif ɗinta a allo ta riga ta hau babur ta tafi, ba ta wurin da za ta ce a rufe. Wanda ke zaune a kujerar bayanta shi ne zai iya cewa a haɗa da Alt.